Begenar Gidan Belay Ba Ta Hawa Bango

Kai mai karatu, ko ɗana ne kai, ko jika, ko surukar da ta buɗe akwatina tana neman abin da ba ta ajiye ba, wanke hannunka kafin ka taɓa takardun nan, kuma in ka fara ka kai ƙarshe. Ban yarda a karanta rabi a fita ana cewa Tiruwark 'yar Belay mafaɗaciya ce ba. Mafaɗaciyar ce, amma da dalili. Shekara ashirin da shida na yi ina buga tafireta a ofishin makaranta, shi ya sa ban taɓa aika wasiƙa ban ajiye kwafinta ba. Ga nawa, ga na ɗana Endale, na jera su yadda suka zo. Ban goge inda ya yi mini rashin kunya ba, ban kuma goge inda na yi wauta ba. Maganar duk a kan begena ce, molon mahaifina mai tsirkiya goma, wanda ake kaɗawa don addu'a a Babban Azumi.

*

Debre Tabor, 9 ga Tikimt, 1988 a lissafinmu na Habasha

Zuwa ga ɗana Endalkachew,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau, godiya ga Allah, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. Ƙanwarka Sinidu tana gaishe ka, ta ce rigar sanyin da ka tafi da ita tata ce, kuma ka sani. Ruwa ya ɗauke, hatsinmu na tef ya yi kyau a gonar bayan coci.

Bayan haka, Admasu direban bas zai kawo maka begenar kakanka, a naɗe cikin bargo biyu. Na buɗe ta in kakkaɓe ƙura, na tarar fatar cikinta ta tsage. A nan babu mai gyara, amma an ce akwai wani tsoho a Addis Ababa, kusa da cocin Giyorgis. Ka kai masa da ƙafarka, ka karɓo da hannunka, ta dawo mini kafin azumi.

Ka saurare ni da kyau, Endale. Wannan ba katako ba ne. Kakana Tesemma ya goya ta a bayansa har fagen yaƙin Adwa yana bin ubangidansa. Ubangidan ya faɗi a can, begena ta dawo tare da baransa. Da Turawan Italiya suka sake zuwa, mahaifina Belay ya binne ta cikin rumbun tef shekara biyar, ya sha duka bai nuna ba. Bana Adwa ke cika shekara ɗari, ba zan bari ta shiga wannan shekara da tsagaggen ciki ba.

Ka gaishe da kawunka Wondimu. Kana cin abincinsa, kana kwana a gidansa, don haka ka girmama shi, amma kada ka koyi surutunsa. Kada ka bar azumin Laraba da Juma'a. Birni ba ya soke dokar Allah.

Mahaifiyarka,
Tiruwark

*

Addis Ababa, 2 ga Hidar

Emaye,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya gwiwar? Ni lafiya nake, sai mura da sanyin garin nan ya sa mini, ta kuma wuce. Ki gaya wa Sinidu rigar ta fi yi mini kyau.

Begena ta iso lafiya. Admasu ya ce a kujerar gaba ya zaunar da ita, ya mayar da wani ɗan kasuwa baya, mutumin yana ta ƙorafi har Debre Markos. Tsohon da kika ce na neme shi, ashe ya rasu bara. Da Gashe Wondimu ya ji, sai ya ce, "Haba, kayan kakana ne zai rasa mai gyara ina raye?" Ya kira kafintansa, an ɗinke ta tsaf, an goge ta tana ƙyalli. Da kin gan ta ba za ki gane ta ba.

Yanzu ta samu wuri mai daraja. A sama take inda kowa zai gani. Mutane na tsayawa gabanta, manya ma, ana ba su labarin Adwa, ni nake bayarwa. Jiya wani har hularsa ya cire. Gashe ya ce a bar ta ta ɗan huta a nan tukuna, tafiya ta gajiyar da ita.

Jarrabawa ta matso, in kin ji ni shiru karatu ne.

Ɗanki,
Endale

*

Debre Tabor, 15 ga Hidar

Ɗana,

Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Wasiƙarka ta faranta mini rai. Ba ka faɗi sunan cocin ba, amma na san inda ake tsayawa gaban abu a cire hula ba ya wuce ɗakin Allah. Na gaya wa limamin cocinmu da matan ƙungiyarmu cewa begenar Belay tana wani babban coci a Addis Ababa, jikansa kuma shi ke ba da tarihinta. Sun sa maka albarka. Ashe Wondimu yana da sauran tsoron Allah, na yi masa mummunan zato, Allah Ya yafe mini. Ka rubuto sunan cocin da ranar da za ta dawo.

Mahaifiyarka

*

Debre Tabor, 14 ga Tir

Endalkachew,

Lafiyata ƙalau, in kana son sani. Wata biyu ke nan babu takarda daga gare ka. Kirsimeti ta wuce ba ka zo ba, bikin Timket ya wuce ba ka zo ba. Na ɗauka karatu ne. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Jiya Admasu ya biyo shan gahawa. Ina zuba masa kofi na biyu na ce, "Kai da kake shiga birni kullum, a wane coci aka ajiye begenarmu?"

Ya ce, "Coci? Woizero Tiruwark, in wancan coci ne, ni ma da tuni na zama limami. Cocin da ake shiga da yunwa a fito ana tangaɗi?"

Na ce, "Yi magana irin ta mutane, Admasu."

Ya ce, "A gidan abincin ɗan'uwanki take, an kafa mata ƙusa a bango. Ƙarƙashinta mahauci ke yanka ɗanyen nama, gefenta ga tulunan giyar zuma. Da dama fatar damisa, da hagu garkuwa. Turawa na zuwa su tsaya a ɗauke su hoto. An shafa mata man katako tana walƙiya kamar akwatin amarya, an sa mata tsirkiyar roba fara fat. Ɗanki kuwa ya iya Turanci, tubarkalla."

Sinidu ta tuntsire da dariya, na dube ta sau ɗaya ta haɗiye.

To, malam mai ba da tarihi. Ka sa na tsaya gaban limami na yi ƙarya da bakina. Kar ka ce mini ba ka rubuta coci ba. Ka san abin da zan ɗauka, ka ga amsata, ka yi shiru wata biyu. Wanda ya bar uwarsa cikin duhu yana riƙe da fitila, maƙaryaci ne ko bai buɗe baki ba.

Begena ba kayan shagali ba ce. Ba a rawa da ita, ba a kaɗa ta inda ake shaye-shaye. Tsirkiyarta goma dokokin Allah goma ne, irinta Sarki Dawuda ya riƙe. Mahaifina ba ya taɓa ta sai ya yi wanka ya yafa farin mayafi. Abin da sojan Italiya bai samu da bulala ba, kai ka miƙa don faranti ɗaya na nama.

Ka sauke ta yau. Ka ba Admasu ranar Alhamis.

Tiruwark

*

Addis Ababa, 24 ga Tir

Emaye,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, amma ban yi barci sosai ba tun da na karanta takardarki. Na yi laifi da na yi shiru, na amsa wannan. Sauran kuwa ki yi haƙuri, yau zan faɗi abin da ke raina, ko da za ki ce birni ya lalata ni.

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Abbaba Belay. A cikinsu sau nawa aka ji muryar begenar nan a gidanmu? Ko sau ɗaya. Tana naɗe a bargo a bayan akwati. Ina ɗan shekara tara na taɓa tsirkiya ɗaya, kika mare ni har kunnena ya yi kwana biyu yana ƙara. Ban san sautinta ba sai kamar a mafarki. A nan aƙalla ana ganinta, ana tambaya, ana jin sunan Tesemma. Wane ne ya fi wulaƙanta ta, wanda ya rataye ta ko wanda ya binne ta? Abbaba ya binne ta don abokan gaba. Ke don wa kika binne ta?

Na kai wa Gashe Wondimu saƙonki. Yana cikin abokansa, ya yi dariya ya ce, "Tiruwark ke nan, tun muna yara haka take, wa'azi kamar ita ta rubuta Zabura. Ka gaya mata Tesemma kakana ne kamar yadda yake kakanta. Yayyenta maza biyu sun mutu, namijin da ya rage a zuriyar nan ni ne. Mace da begena, sai ka ce jaki da tabarau."

Akwai abin da ya fi wannan, gara ki ji daga bakina. Akwai wani Bature daga Roma da ke kawo wa Gashe baƙi 'yan yawon buɗe ido. Ya ga begenar ya yi ta santi. Gashe ya yi alkawarin ba shi ita kyauta ranar bikin Adwa, 23 ga Yekatit, a gaban jama'a, wai alamar an yafe wa juna. Za a sa ta cikin gilashi a can. Wannan ni ma bai kwanta mini ba, na ce masa ba daidai ba ne. Sai ya buga tebur ya ce, "To ga shaidu. In akwai mutum ɗaya a gidan Belay da zai iya kaɗa ta, ya zo ya kaɗa a ji, ya ɗauki abarsa. In babu, katako ne, kuma katakon kakana ne."

Emaye, ni ban iya ba, Sinidu ba ta iya ba. Ba a koya mana ba. Ban san abin da zan yi ba.

Endale

*

Debre Tabor, 8 ga Yekatit

Endalkachew,

Muna lafiya. Takardarka ta zo, na karanta sau uku. Rashin kunyar da ke ciki za mu yi maganarta daga baya, ban manta ba.

Ka gaya wa kawunka, a gaban shaidun nan nasa, cewa na karɓi sharaɗinsa. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse.

Gata azumi zai kama, kowane gida a unguwar nan na yanka tunkiyar ban kwana da nama. Tun shekaranjiya nake bin gida gida da roba ina roƙon hanji. Matar limami ta ce, "Tiruwark, talaucin har ya kai haka? Zo in ɗebar miki tsoka." Na ce hanji nake so, kuma kada a huda shi. Sinidu ta ce na zubar mata da mutunci a gari, wai an fara cewa uwarta ta taɓu. Na wanke, na kankare, na murɗa, ga su nan a shanye a inuwa daga bakin ƙofa har bishiyar tsakar gida, ita kuma tana gadin kuliyoyi tana kumbure-kumbure. Da takardarka ta ƙara kwana huɗu a hanya, da babu tunkiyar da za a yanka a ƙasar nan sai bayan Fasika, idin ƙarshen azumi. Ka gode wa Allah da Admasu.

Ka zo tasha ranar 19. Kada ka zo da uzuri.

Tiruwark

*

Addis Ababa, 24 ga Yekatit

'Yata Sinidu,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya kuma ba ki bar kajin nan da ƙishirwa ba. Na iso lafiya, gwiwa ta kumbura a gangaren kogin Abay amma ta sauka. Zan ba ki labari dalla-dalla, don kada Admasu ya riga ni ya ƙara gishiri.

Daga tasha ban bi ta gida ba, na ce wa wanki ya kai ni gidan abincin. Azumi ya kwana takwas, amma ƙaurin nama ne ya tare ni tun daga titi. Na shiga na gan ta a bango. Sinidu, da na ga mahaifina tsirara a kasuwa, da abin da zan ji ke nan.

Wondimu ya taso da tumbinsa yana buɗe hannu. "'Yar'uwa! Lale, lale! Wa kika kawo mana, wani tsohon limami kika ɓoye a jaka?"

Na ce, "Kawo tsani."

Ya ce, "Zauna ki ci abinci tukuna, akwai na masu azumi."

Na ce, "Wanda ya sauke azumi daga wuyansa ya rataye begena a bango, ba na cin gishirinsa. Kawo tsani, ko in hau teburin nan da takalmina."

Endale ne ya hau ya sauko da ita. Na ce ba zan taɓa ta a ɗakin giya ba, muka fita da ita bayan gida, inda mata ke gasa injera, wainar tef. Can na zauna a kan turmi na warware tsirkiyar robar nan ɗaya bayan ɗaya, na ba wata mai wanke-wanke ta yi igiyar shanya. Sai na duba katakon da tsirkiya ke hawa, na ga wayam. Na ce a kira kafintan.

Na ce masa, "Ina 'yan guntayen fatar da ke ƙarƙashin kowace tsirkiya?"

Ya ce, "Au, waɗannan tarkacen? Na zubar, Emama. Su ke sa ta ƙugi kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Yanzu sautinta ya fita tas kamar jita."

Na ce, "Ɗana, ƙugin nan shi ne muryarta. Ka cire wa zaki gurnani ka ce ka yi gyara."

Allah Ya sa na zo da tsohuwar ɗamarar kakanki. Na yanka guntaye goma daga jikinta. Sabuwar tsirkiyar hanji ba ta tsayawa rana ɗaya, kina ɗaurewa tana saki, don haka kwana uku na yi a kan turmin nan ina ja ina saurare, ina matsa fata sama ko ƙasa da faɗin ƙwayar tef har ƙugin ya zauna. Wondimu yakan leƙo ya ce, "Gyara daban, kiɗa daban, 'yar'uwa. Makanike ba direba ba ne." Na ci gaba da jan tsirkiyata.

Yanzu zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lokacin da mahaifina ke koya wa yayyena begena, ni ina bayan ƙofa ina tsince wake. Su hankalinsu na wajen ƙwallo, ni kunnena na ɗaki. In ya tafi gona sai in ɗauka. Ina da shekara goma sha huɗu ya dawo ya kama ni. Bai dake ni ba. Ya tsaya har na gama, ya ce, "Hannun ya yi, sai dai an sa shi a jikin da ba nasa ba. Kada in ƙara gani." Na ce to. Na riƙe to ɗin nan shekara arba'in, har bayan ya shiga ƙasa. Sai dai yatsuna ba su yi alkawari ba. Duk azumi, in ina buga tafireta, waƙoƙinsa nake bi da hannun hagu.

Jiya ranar Adwa, da hantsi, gidan ya cika. Ga tutoci, ga Baturen da furfurarsa, an kawo har mai ɗaukar hoto. Wondimu ya aiko a shigo da begena. Na ce mai son ji ya fito. Suka fito bayan gida suna tsallake kwatami, shi yana gaba yana cewa, "Ku zo ku ga ikon Allah, yau tafireta za ta yi waƙa."

Na yi wanka tun asuba, na yafa farin mayafina. Na jingina ta a kafaɗa. Ba zan ɓoye miki ba, bugun farko ya fita a karkace, wani ya yi dariya. Na rufe ido na sake. Sai ta yi magana. Ƙugin nan ya taso daga cikinta ya bi ƙasa, na ji shi a ƙirjina kamar mahaifina ya yi gyaran murya a ɗaki. Na yi waƙar da yake buɗe azumi da ita, a hankali, ƙasa ƙasa, yadda ake yi: ɗan Adam yumɓu ne aka ara masa numfashi, mai aro kuma yana nan tafe.

Mai gasa injera ce ta fara miƙewa, ta ja mayafinta ta rufe kai, ta bar injerar kan wuta tana ƙonewa. Sauran matan suka bi ta. Mahaucin ya ajiye wuƙa. Wani tsoho cikin shaidun Wondimu ya fashe da kuka, wai rabonsa da jin wannan tun kafin mulkin soja. Baturen ya tambayi Endale me nake faɗa. Na ce, "Gaya masa ba da shi nake ba, da Allah nake. Amma in zai saurara, ya tsaya kamar kowa." Ya cire hula ya tsaya, ba shi da laifi, shi abin da aka ba shi ya zo karɓa.

Da na gama babu wanda ya tafa, don ba a tafa wa addu'a. Wondimu ya share gumi ya ce, "To ai... ni dama wasa nake, wa zai ba da kayan kakansa?"

Tsohon nan ya ce, "Wondimu, da kunnena na ji ka. Rufe bakinka, ka bar matar nan ta wuce."

Na ce, "Tesemma kakanka ne, ban hana ka ba. Duk ranar da ka ɗauki azumi, ƙofata a buɗe take, ka zo ka zauna ka ji. Garkuwa da fatar damisa kuwa na bar maka, su ba sa magana."

Wanki ne ya goya ta a baya har masaukina. Gobe za mu taso da Admasu, ni da ita a kujerar gaba. Ki share ɗakin tsakiya, ki jiƙa garin wake.

Mahaifiyarki

*

Addis Ababa, 6 ga Megabit

Emaye,

Ina gaishe ki, ina fata kun isa lafiya ke da ita. Ni lafiya. Na bar gidan Gashe, ina ɗakin ɗalibai, mu huɗu ne, abinci ba daɗi amma ina barci. Bai kore ni ba, ni na ga ya dace.

Ga abin da ya kamata in faɗa miki a tasha. Na yi miki laifi, na bar ki cikin duhu, na kuma tsaya ina sayar da sunan Tesemma da Turanci alhali ban san ko sautin abin da nake nunawa ba. Ki yafe mini.

Amma tambayata tana nan, ba zan janye ta ba. Kin iya, kina gida ɗaya da mu, kika bar mu muka girma kurame. Da takardata ta makara kwana huɗu, da yanzu tana Roma. Ranar da ba ki, wa zai zauna a kan turmin? In za ki sake naɗe ta a bargo, gara ki gaya mini tun yanzu.

Ɗanki,
Endale

*

Debre Tabor, 17 ga Megabit

Ɗana Endalkachew,

Muna lafiya, godiya ga Allah. Gwiwa tana nan da halinta. Na aika maka soyayyen sha'ir da barkono ta hannun Admasu, ka raba da abokan ɗakinka, kada ka ɓoye.

Na yafe maka ƙaryar. Rashin kunyar kuma na auna ta, na tarar akwai gaskiya a cikinta, gaskiya kuwa ko daga bakin mara kunya ta fito sunanta gaskiya. Marin da na yi maka kana ɗan shekara tara, ba naka ba ne. Na bi maganar mahaifina inda ya yi daidai, na bi ta har inda ya yi kuskure, na kira wannan biyayya. Shi mutum ne, yumɓu ne kamar kowa. Ba zan sake faɗin wannan ba, don haka ka adana takardar.

Na je na gaya wa limami da matan ƙungiya cewa maganar coci ba haka take ba. Matar limami ta ce ai da ta san abin da zan yi da hanjin, da ta ba ni na tunkiya biyu. Yanzu kullum da yamma, bayan an sha ruwa, ɗakin tsakiya ba ya ɗaukar mutane. Sinidu ta fara koyo, yatsunta kamar na mai dama kunu, tana kuka da kanta, amma za ta iya.

Ga dokar gidan nan daga yau, ka karanta wa duk wadda za ka aura kafin ka kawo ta.

Begenar Belay ba ta hawa bango, ba ta shiga gilashi, ba ta kuma komawa bargo. Ba ta ƙetare ƙofar gidan nan sai a bayan wanda ya iya kaɗa ta. Duk tunkiyar da aka yanka kafin azumi, hanjinta ba na tukunya ba ne. Kuma duk ɗan da aka haifa a zuriyar nan, mace ko namiji, ranar da ya cika shekara tara za a wanke masa hannu a ɗora shi a kan tsirkiya, ko yana so ko ba ya so.

Kai ka makara da shekara goma sha uku. Fasika saura kwana goma sha tara. Ka zo da farcenka a yanke.

Mahaifiyarka,
Tiruwark Belay